Ta ina ake fara nazarin tasirin marubuta mata a adabin Amurka?

Ɗalibar Adabi: Assalamu alaikum. Malamai, mai son rubuta maƙala kan wannan batu, ta ina zai kama?

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam. Kar ki ɗebo su duka, bi zare ɗaya, na marubuta mata baƙaƙen fata. Fara da Phillis Wheatley, baiwar da aka kai Boston daga Afirka ta Yamma a 1761, kundin waƙoƙinta ya fito a Landan a 1773. Sai Zora Neale Hurston, wadda ta rasu a 1960, kabarinta ko alama babu, har marubuciya Alice Walker ta je ta sa masa dutse a 1973, sannan aka koma karanta ta.

Hajiya Mai-Littafi: Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne Emily Dickinson. Waƙoƙi kusan 1,800 ta bari, amma a bugun 1890 editoci sun sauya mata alamomin rubutu, suka laƙa wa waƙoƙin sunaye. Nemi bugun Thomas Johnson na 1955, in ba haka ba salon wasu kike nazarta.

Malam Na-Zariya: Gaskiyarki, Hajiya. Toni Morrison ma, kar a tsaya kan kyautar Nobel ta adabi da ta samu a 1993. Tana edita a kamfanin buga littattafai na Random House ta fitar da littafin marubuciya Gayl Jones na farko a 1975.