Ƙauna ce tushen duniya, ko ƙarfin tuwo?

Shugaban matasa: Iyayena, a gafarce ni, amma wa'azin ranar Lahadi bai kwanta mini ba. An ce ƙauna ce tushen komai, alhali Littafin Farawa bai wuce sura 4 ba sai da Kayinu ya kashe Habila. Mu da muka tashi a Sabon Garin Kano mun ji labarin rikicin Oktoban 1991, mun kuma ga hayaƙin tashar motar New Road a watan Maris na 2013. A ganina mai ƙarfi ne ke juya duniya, ƙauna kuwa lallashi ce ga wanda aka fi ƙarfinsa.

Dattijon ikilisiya: Ɗana, ka tsallake surori uku. Kafin jinin Habila ya zuba, Allah ya riga ya dubi halittarsa ya ga tana da kyau ƙwarai. Gara ba ta taɓa yin itace ba, wanda ta tarar shi take ci. Haka tashin hankali yake, sai ya sami rai da gida da kasuwar da wani ya gina kafin ya sami abin rusawa, saboda haka ba zai zama tushe ba.

Shugabar zumuntar mata: Ina bayan Baba. Ranar 20 ga Janairun 2012, da bama-bamai suka tashi a garin nan, maƙwabciyarmu Musulma ce ta jawo 'ya'yana cikin ɗakinta, ta kulle ƙofa, ta dama musu kunu har gari ya waye. Irin wannan ba ya shiga labaran rediyo, shi ya sa kuke ganin kamar babu shi.

Shugaban matasa: Mama, Allah ya saka mata, amma kunu bai tare bam ba. Yesu da kansa, a Luka 22:36, ya ce marar takobi ya sayar da mayafinsa ya saya.

Fasto: A daren nan kuma ya ce wa Bitrus ya mai da takobinsa kube, ya warkar da kunnen bawan babban firist da Bitrus ya sare. Romawa 13 ta bar takobi a hannun hukuma, don haka neman tsaro a ƙofar majami'a ba laifi ba ne. Amma da kisa ne ke da magana ta ƙarshe, da labarin ya ƙare a kan gicciye ranar Juma'a, ba mu da dalilin taruwa ranar Lahadi, ranar da Yesu ya tashi daga matattu.

Shugaban matasa: Na karɓi batun tashin matattu, Baba Fasto. Abin da ya rage mini shi ne ranar da hukumar ta makara, maharan kuma suna bakin ƙofa.