Masu ƙananan sana'o'i a Amurka: wa ya taɓa yin S-corp, me ya gani?

Mai shagon kayan miya, Columbus: Assalamu alaikum jama'a. Akantana ya matsa mini in mayar da LLC ɗina (irin rajistar ƙaramin kamfanin da nake da ita) S-corp, wato wani tsarin biyan haraji da kamfani ke iya zaɓa, wai a tura fom 2553 ga IRS, hukumar harajin Amurka, kafin 15 ga Maris. Kafin in sa hannu ina so in ji daga bakin waɗanda suka taɓa yi.

Direban tirela, Houston: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni na yi kuma ban yi da-na-sani ba. Ko a LLC ɗin ma ribar kan takardar harajinki take sauka. Abin da ke canzawa shi ne harajin kashi 15.3 na Social Security da Medicare, wato fansho da inshorar lafiyar tsofaffi na gwamnati. Da, duk abin da motata ta kawo sai an yanke shi. Yanzu na yanka wa kaina albashi, a kansa kaɗai ake cirewa, ragowar in ɗauka a matsayin rabon riba. Sai dai kada ki sa albashin wasa, IRS na so ta ga abin da za ki biya bare in shi ke tsare miki shagon. Akwai kuma kuɗin masu lissafin albashi, ga fom 1120-S, takardar harajin kamfanin, da akanta ke caja daban. In ribar ba ta taka kara ta karya ba, a nan za ta ƙare.

Mai aski, Bronx: Alhaji, Texas kake shi ya sa kake jin daɗi. Birnin New York bai san da zaman S-corp ba, harajinsa na kashi 8.85 yana nan daram.

Mai kitso, Los Angeles: Mu nan ko asara kika yi sai kin ba jiha dala 800.

Mai jigilar motoci, Greensboro: Hajiya, tambayi kanki kuɗin wa ke cikin shagon. Ni rabin jarina na yayana ne da ke Maraɗi, shi ke karɓar motocin in sun sauka Kwatano. Muna zaune da akanta, ta ɗauko alƙalami ta ce in lissafo masu hannun jari. Ina ambaton Maraɗi ta ajiye alƙalamin. Wanda ba ɗan ƙasa ba, kuma ba mazaunin Amurka ba ne a idon masu haraji, ba ya riƙe ko hannu ɗaya a S-corp. In ya shigo, matsayin ya rushe, kamfanin ya koma biyan harajin kamfanoni na kashi 21, sannan a sake cire haraji a kan rabon riba. Mun zauna a LLC ɗinmu, duk da ana riƙe haraji daga kason yayana. Mu da muke kasuwanci da dangi a gida, wannan ya fi zancen kashi 15.3 nauyi.

Mai gidan abinci, Atlanta: Nawa ciwon daban. Bara muka bar riba a asusu don faɗaɗa kicin, ko sisi ban taɓa ba. Da K-1 ta iso, wato takardar da ke nuna kason kowane mai hannun jari a ribar, sai ga kasona a rubuce, na biya harajinsa daga aljihuna. Ki riƙa warewa tun da wuri, ana biya sau huɗu a shekara: Afrilu, Yuni, Satumba da Janairu.

Mai shagon kayan miya, Columbus: Allah ya saka da alheri. Ni da maigidana ne kawai, duka muna da takardun zama. Alhaji na Houston, da ka rage albashin a takarda, banki bai ba ka wahala ba wajen neman bashin gida?