Mu koma Bauchi saboda Sadik?

Maman Sadik: Jama'a a ba ni shawara. Ɗana shekararsa 7, sanƙarau ya kurmantar da shi. A Darazo muke, a aji zama kawai yake yana kallon bakin malam. Babansa ya ce mu koma Bauchi, ni kuwa kuɗin haya nake tsoro.

Baban Ikram: Hajiya, akwai makarantar masu buƙata ta musamman a unguwar Yelwa a garin Bauchi, suna koyar da maganar hannu. Ku nemi gida nan kusa, kada kuɗin Keke Napep ya cinye ku.

Anti Larai: 'Yar uwa, ku fara kai shi asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da ke Bauchi a auna jinsa. Ke ma ki koyi maganar hannun, in ba haka ba da wa zai yi hira a gida?

Maman Sadik: Na gode. Kakarsa ce dai ta kafe, wai ba mai raba ta da mijinta!