Ta yaya iyalan masu larurar galahanga za su haɗa kai a Zamfara?

Tambaya daga Goggon Yara, Gusau:
Assalamu alaikum. Ɗan ƙanena yana da shekara 6, kuma likita ya tabbatar mana cewa galahanga (autism) ce ke damunsa, wato larurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane. Ba ya furta kalmomi sai kaɗan, kuma da zarar an tayar da injin niƙa a maƙwabta sai ya toshe kunnuwansa ya yi ta kuka. Mahaifiyarsa ta daina zuwa biki da suna, har da islamiyyar matan aure, domin ba ta da wanda za ta bar wa shi, ga kuma masu yi mata zancen iska da sammu. Wace hanya iyalai irin namu za su bi su tallafi juna?

Amsa daga Ma'aikaciyar Jinya, Gusau:
Wa'alaikumus salam, Hajiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 ne ke da wannan larura, saboda haka da wuya a ce gidanku ne kaɗai a unguwar. Allurar rigakafi ba ta jawo ta, haka ma tarbiyyar uwa, kuma babu ƙwayar da ke warkar da ita; fara koyarwa ta musamman da wuri shi ne ke taimakawa. Sai dai wasu yaran kan haɗa da farfaɗiya, wadda ita tana da magani. Ku riƙe sashen yara na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, idan kuma ana buƙatar likitan ƙwaƙwalwa, akwai asibitin tarayya na Kware a Sakkwato.

Amsa daga Maman Biyu, Ƙauran Namoda:
Yaya, abin da ya fi sauƙaƙa mana shi ne karɓa-karɓa, kamar yadda ake yin adashi. Mu huɗu ne, kowace takan karɓi yaran sauran na yini guda, domin uwa ta samu ta je kasuwa ko ta yi barci. Amma kada ku fara sai kowace uwa ta rubuta abin da ɗanta yake ci, da abin da ke firgita shi, da abin da ke kwantar masa da hankali, domin nawa ba ya cin tuwo idan miya ta taɓa shi, kuma wadda ba ta sani ba za ta ɗauka shagwaɓa ce. Mun kuma liƙa hotunan kofi da buta da tabarma a bango, yaron da ba ya magana sai ya nuna abin da yake so. Dole a tabbatar ƙofar gida tana da sakata ta sama, saboda wasunsu kan fice ba tare da an ankara ba.

Amsa daga Dattijo, Talatar Mafara:
Hajiya, ina roƙon kada a manta da manya masu wannan larura. Ƙanena ya haura shekara 30, kuma bai samu natsuwa ba sai da wani tela ya amince ya ɗauke shi aikin guga, aikin da tsarinsa ba ya canzawa. Yaran unguwa sun daina tsokanarsa ne bayan liman da mai unguwa sun yi magana. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sanya wa hannu a 2019, ta ba ku hujjar tunkarar makarantar da ta ƙi karɓar yaro. Sannan ku zauna da dangi tun iyaye suna raye, a fayyace wanda zai riƙe mai larurar da yadda za a kula da rabonsa na gado.