Wane kaset na waƙoƙin talakawa ne ya fi kwanta muku a rai?

Baban Khalifa, Gangare:
Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga masu jin waƙoƙin gargajiya ce, musamman waɗanda ke tsaya wa talaka. Wane kaset ne ɗan gaban goshinku?

Ni dai nawa na Ɗan Maraya Jos ne. Ba albam ba ne irin na yanzu mai suna da hoto. Wani mai sayar da kaset a kasuwar Taminus ta Jos ne ya haɗa wa yayana shi tun kafin gobarar kasuwar a 2002, ya jera sunayen waƙoƙin da biro a bayan kwali: Karen Mota, Mai Akwai da Babu, Auren Dole, Gulma Wuya. Mutum ɗaya tal, ba 'yan amshi, ba makaɗa, sai kuntigi mai tsirkiya guda, gwangwanin kifi da aka rufe da fata.

Karen Mota ce ta fi kama ni. Mawaƙanmu sun saba wasa sarakuna da attajirai, don can ake samun doki da babbar riga. Shi kuwa Ɗan Maraya, wato Adamu Wayya, a hannun sarki ya tashi a Bukuru bayan rasuwar iyayensa, ya san ƙofar fada sarai. Amma sai ya ɗauki kirarin ya kai wa yaron mota, wanda ko sunansa fasinja ba sa tambaya. A ganina wannan ma tawaye ne, ko da bai zagi kowa ba. Allah ya jiƙansa, tun 2015 ya rasu amma har yau ban ga madadinsa ba.

Malam Sabo Direba, Farar Gada:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ni nan da karen mota na fara, muna ɗauko dankalin Turawa daga Bokkos. In gingimari ta tsaya a hawa, kai ne za ka diro da gudu ka cusa weji a bayan taya kafin ta gangara da baya. Direba ya shige ɗaki ya kwanta, kai kana kan buhuna cikin sanyin Disamba, sanyin Jos kuwa kun san shi, yatsunka ko igiya ba sa iya kwancewa. Gari ya waye a ce ka wanke mota. Ranar da aka sa waƙar nan a rediyo a tasha, wallahi yaran mota har tafiyarsu canzawa take yi. Wanda bai yi aikin ba ba zai gane ba.

Sadiq, Wuse, Abuja:
Baba Sabo, Allah ya ƙara girma, ku yi mini afuwa zan ɗan saɓa. Ɗan Maraya gwani ne, ba musu, amma nasiha yake yi, ba bore ba. Wace gwamnati ce ta taɓa rasa barci saboda shi? Lambar girma ma suka ba shi. Ni albam ɗina Zombie ne na Fela. Sojoji ya yi wa tatas suna kan mulki, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa: a Fabrairun 1977 suka ƙona gidansa na Kalakuta a Legas, suka jeho mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a 1978.

Maman Ilham, Unguwar Rogo:
Sadiq ƙanena, Fela ba gargajiya yake yi ba, ƙaho da jita sun cika dandali, kuma tambayar mai tambaya daban ce. Sannan wa ya ce maka sai an taɓa soja ake bore? Yarinyar da ubanta ya ba da ita ga wanda ba ta so, gwamnatinta tana cikin zauren gidansu. A zamanin iyayenmu wa ya isa ya ce wa dattijo ya yi kuskure a kan 'yarsa? Ɗan Maraya ya faɗa, kuma dattijon na zaune da rediyonsa a kunne. Gwaggota kan ƙure murya in an sa Auren Dole, tana tankaɗe, da gangan don maigidan ya ji daga waje. Ga shi da iya sauya murya, ya yi ta miji ya yi ta mata ya yi ta magulmaciya, ka rantse mutum uku ne a wurin.

Malam Sabo Direba, Farar Gada:
Hajiya ta gama magana. Kai kuma Sadiq, in irin wanda ake ɗaurewa kake nema, ba sai ka je Legas ba. Nemi waƙoƙin 'yan NEPU, jam'iyyar su Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950. Su Gambo Hawaja a bainar jama'a suke rera su, ba kiɗa ba kaset, 'yan doka na tsaye a gefe, kuma 'yan jam'iyyar da yawa sun sha ɗauri a kotunan En'e, wato hukumar sarakuna ta wancan zamani. Mahaifina ya haddace wasu, amma sai an rufe ƙofar zaure yake yi mana su.

Sadiq, Wuse, Abuja:
To Baba, na ji wannan. Amma kun ga ai maganata ce ta dawo: su aka ɗaure. In akwai mai su a waya, don Allah ya turo.