Akta mace a finafinan masu baiwa: rubutun ne matsala ko kasuwa?

Marubuciyar Gwale: Assalamu alaikum. Tambaya ce ga marubuta fim da masu bin finafinan Marvel da DC. In za a rubuta labarin da mace ce akta, mai baiwa irin ta masu tashi sama, a kuma ɗauke shi a nan Kano, me za a kiyaye? Furodusoshi cewa suke irin wannan fim ba ya kasuwa. Haka ne?

Mai Alƙalami, Fagge: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan tsohon zance ne. Catwoman ya fito a 2004, Elektra a 2005, duk suka faɗi, sai kamfanonin Amurka suka fake da su, suka guji fim ɗin akta mace mai baiwa har sama da shekara goma. Da Wonder Woman ya zo a 2017 ya haura dala miliyan 800, Captain Marvel kuma a 2019 ya wuce biliyan ɗaya. The Marvels na 2023 ya faɗi warwas. Kin ga ke nan suna ci suna faɗuwa kamar na maza.

Inda ake yin ɓarna shi ne a ba ta ƙarfi, a hana ta zaɓi. Dubi Okoye, shugabar dakarun mata masu tsaron sarki, a Black Panther na 2018. Ba ta da wata baiwa, mashi kawai gare ta, amma da Killmonger, bos ɗin fim ɗin, ya hau gadon sarauta sai rantsuwarta ga sarautar ta ci karo da biyayyarta ga T'Challa, sarkin da aka ture, daga baya har ta ɗaga wa W'Kabi, masoyinta, mashi. Ko ta ina ta juya sai ta yi asara, abin da ya sa ta zauna a ran mai kallo ke nan.

A aikace, shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne. In shafi 90 za ki yi, kafin shafi na 10 mu san abin da take so wanda ƙarfi ba zai ba ta ba. Wajen shafi na 25 ita da kanta za ta zaɓi shiga rigimar, ba wani ya tura ta ba. Sannan ki yi wa baiwar ƙa'ida: me ke ƙarar da ita, me take biya duk sanda ta yi amfani da ita? In babu iyaka, faɗa ba ya ɗaga hankalin kowa, don an riga an san mai nasara.

Ki kuma gwada cire ta daga wani sin ki ajiye jakar kuɗi a gurbinta. In sin ɗin ya tafi lafiya lau, to kaya kika rubuta da ake wawaso a kai.

Mai Kyamara, Titin Zoo: Malam ya gama da takarda, bari in ɗora da lokeshan. Kyamara tana iya rushe duk abin da aka rubuta. Namiji ana gabatar da shi daga ƙasa, a nuna fuska da hannu, mace kuwa sai a bi jikinta a hankali. A ɗauke ta yadda ake ɗaukar namijin: kyamara ƙasa da ƙirji kaɗan tana kallon sama, ido kan abin da za ta yi.

Sutura ma haka. Ruth Carter, wadda ta ci Oska a 2019 kan kayan Black Panther, ta rufe jikin Dora Milaje, dakarun matan da Okoye ke jagoranta, ruf, ta ba su takalmi marar tsini, kuma ba su rasa kwarjini ba. Mu nan wannan ya zo mana daidai, tunda dole fim ya bi ta Hukumar Tace Finafinai, kuma namiji da mace ba sa taɓa juna a Kannywood. Sai a gina faɗan da tazara: doguwar sanda, igiya, ko baiwar da ke jifa daga nesa. A ɗauki dukan daban, faɗuwar bos daban, a haɗa wajen editin. Mayafi mai santsi zai zame a juyi na biyu, a nemi hijabi mai hula da ke kama kai, a ɗinka iri ɗaya guda uku saboda ƙura da mai maye gurbinta a wurare masu haɗari. In da koren kyalle za a yi sin ɗin tashi, kada ta sa kore ko kaɗan, kwamfuta za ta cinye wurin.

Hajiyar Kurna: Ban yarda zaɓi kaɗai ya isa ba. Su wa ke kewaye da ita? Black Widow ta fara fitowa a 2010, ita kaɗai mace cikin jarumai shida na fim ɗin Avengers a 2012, ba ta samu fim nata ba sai 2021, bayan an riga an kashe ta a fim ɗin Avengers: Endgame. Mace ɗaya tilo a fim ɗaukar nauyin duk mata take yi, marubuci sai ya ji tsoron ba ta aibi, ta fito ba gishiri. Black Panther ya tsira don akwai Nakia, Shuri da Ramonda, har Nakia da Okoye suka yi gardama kan biyayya ga sarauta. 'Yar'uwa, ki ba aktarki uwa, ƙawa ko yayar da za ta ce mata ba ta kyauta ba. Kuma don Allah kada kishiya ta zama bos.

Marubuciyar Gwale: Na gode. To bos ɗin mace ko namiji?

Mai Kyamara, Titin Zoo: In kina son kokawa ta jiki da jiki a faɗan ƙarshe, mace. In namiji ne, sai ki koma kan sanda.