Neman shawara: gida na biyu a ƙasar waje, Dubai, Alƙahira ko Landan?

Mai tambaya, Gwarinpa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. Ni ɗan kasuwa ne a nan Abuja, na haɗa abin da ya kai dala dubu 300, muna son sayen gidan da za mu riƙa sauka a waje. Hajiyarmu tana fita ganin likita sau biyu a shekara, kuɗin otal ya ishe mu, ga yara biyu da za su gama sakandare nan da shekara biyu. Uwargida ta fi son Landan saboda karatu, ƙanena yana cewa Alƙahira, wani dillali kuma ya matsa mini lamba a kan Dubai, wai da na saya duk iyalina sun sami bizar shekara goma. Hajiya ita Madina kawai take so. Me ya kamata mu auna kafin mu saki kuɗi?

Lauya, Wuse:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Abu na farko da za ka riƙe: takardar gida daban, izinin zama daban. Nan mutanenmu suka fi faɗawa rami. Za ka iya mallakar gida a ƙasa, a hana ka shiga ƙasar.

Maganar dillalinka ba ta cika ba. Bizar shekara goma ta Dubai tana buƙatar kadarar da ta kai dirhami miliyan 2. An ɗaure dirhami da dala a kan 3.67, wato kana neman wajen dala dubu 545. Kuɗinka dirhami miliyan 1.1 ne da 'yan kai, rabi ke nan da ɗan ɗoriya. Akwai igama, wato izinin zama, mai gajeren wa'adi ga ƙaramin gida, amma ba ita ya yi maka alkawari ba. Ka ce ya rubuta maka wace biza yake nufi, shekara nawa, kuma ko ta haɗa da mahaifiya, domin sharaɗin ɗauko iyaye ba ɗaya yake da na mata da 'ya'ya ba.

Sannan kada mu manta da abin da ya faru kwanan baya. A 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza, jirgin Emirates ya daina zuwa. Sai a Yulin 2024 aka sake buɗe biza, jirgin ya dawo Legas a watan Oktoba. Duk mai gida a can da ba shi da igama, kusan shekara biyu yana biyan kuɗin gidan da ba ya iya takawa.

Ingila kuwa ko titi guda ka saye, ba ya ba ka izinin zama. Sun rufe bizar masu zuba jari a Fabrairun 2022. Da bizar baƙo za ka shiga, iyakarta wata shida a zuwa ɗaya, kuma idan suka ga kana mayar da ita zaman dindindin, za su iya mayar da kai daga filin jirgi. Yaran ma mallakar gida ba ta sa a karɓi kuɗin makaranta irin na 'yan ƙasa daga gare su. Sauran Turai ma ƙofar tana rufuwa: Fotugal ta cire sayen gida daga tsarinta na bizar masu zuba jari a 2023, Sifaniya ta soke nata a Afrilun 2025.

Ma'aikaciyar banki, Maitama:

Alhaji, bayan abin da Barista ya faɗa, ni tambayata ɗaya ce: da wane kuɗi za ka ciyar da gidan? Saye rana ɗaya ne, ɗawainiya kuwa kowane wata ce, kuma da kuɗin waje. Kai naira kake samu. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda yake biyan dala dubu 6 a shekara a kan gidansa, nauyinsa ya ninka fiye da uku ba tare da an ƙara masa ko bulo ɗaya ba.

Ka ɗauki biro ka yi wannan lissafi da Uwargida. A gefe ɗaya, dare nawa kuke kwana a waje a shekara, nawa kuke biya. A ɗaya gefen, kuɗin hidimar gini, wuta, ruwa, inshora, harajin gida, gyara, ladan mai kula, ka kuma ƙara ribar da dala dubu 300 za ta kawo da tana juyawa a kasuwancinka. Idan zamanku bai wuce wata biyu a shekara ba, sau da yawa hayar gida mai kaya a ciki ta fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Misalin Ingila, tunda Uwargida can ta nufa. Kuɗin zai kama wajen fam dubu 230, gwargwadon canjin ranar, kuma a Landan ɗan ƙaramin fulat ne a bayan gari. Harajin saye na asali fam 2,100 ne a kan wannan farashi. Amma saboda kana da gida a Gwarinpa, ana ɗaukar wancan gida na biyu, ƙarin kashi 5 cikin ɗari. Saboda ba mazaunin ƙasar ba ne, ƙarin kashi 2. Wannan kashi 7 ɗin fam 16,100 ne. Jimla fam 18,200 kafin ka biya lauya. Tun Afrilun 2025 kuma ƙananan hukumomi a Ingila suna da damar ninka harajin gida a kan gidan da ba mazaunin mutum na kullum ba.

Batun tura kuɗi: daga asusunka na dala, da sunanka, kai tsaye zuwa asusun lauya ko asusun da hukuma ta amince da shi. Kada ka bi ta hannun ɗan canji ya tura da sunan wani kamfani. Bankin can zai tambayi asalin kuɗin, sai ka tanadi bayanan asusu na aƙalla wata shida, takardun kamfani, shaidar biyan haraji, da yarjejeniyar duk kadarar da ka sayar. Kuɗin da ya shigo da sunan baƙo shi ne ake riƙewa watanni. Tsabar da ta wuce dala dubu 10 kuwa wajibi ne a bayyana wa kwastan a filin jirgi.

Dillalin gidaje, Garki:

Ni ban yarda a yi wa Dubai kuɗin goro ba. Abin da Barista ya faɗa gaskiya ne, amma cikin wuraren nan, can ne rajista ta fi sauri da tsabta, babu harajin gida na shekara-shekara, kuma kuɗinsu ba ya narkewa a kan dala.

In ka zaɓe ta, ranka ya daɗe, ga hanya. Baƙo yana mallaka ta dindindin ne kawai a unguwannin da aka ware tun 2002, irin su Marina, Business Bay da JVC. Hukumar filaye tana karɓar kashi 4 na farashi, la'adar dillali kashi 2, da ƙananan kuɗaɗen rajista. Ka ware kashi 7, wato wajen dala dubu 21. Ke nan gidan da za ka nema bai wuce na dala dubu 270 ba, domin kayan ɗaki ma suna jira.

Ka duba lambar lasisin dillali da takardar gidan a manhajar Dubai REST. Ka nemi takardar da mai ginin yake bayarwa cewa babu bashin hidima a kan gidan. Kuɗin hidimar nan da ƙafa ake auna shi: a ce dirhami 15 a kowace murabba'in ƙafa, gida mai ƙafa dubu ya zama dirhami dubu 15 a shekara, ban da kuɗin sanyaya, wanda a wasu gine-gine wani kamfani daban ne yake caji ko kana nan ko ba ka nan.

Gidan da yake kan takarda, ba a gina ba, shi dillalai suka fi turawa saboda la'adarsa ta fi tsoka. Ga mai mara lafiya bai dace ba, ginin yana iya jinkirin shekara ko fiye. In ka nace, kuɗi ya shiga asusun amana na aikin kawai, wanda dokar 2007 ta wajabta, ba asusun kamfani ba.

Tsohon ɗalibin Azhar, Kubwa:

Ƙanenka bai yi kuskure ba, Alhaji. EgyptAir tana tashi kai tsaye daga Abuja da Kano zuwa Alƙahira, tafiyar wajen awa biyar, abinci halal ne, masallaci a kowane lungu, ga 'yan uwanmu ɗalibai da yawa a unguwar Madinat Nasr masu iya tafinta a asibiti. Kuɗinka zai sayi gida mai faɗi ya yi saura, kuma a tsarin da suka fitar a 2023, kadarar dala dubu 200 tana ba da igamar shekara biyar mai sabuntuwa, idan kuɗin ta banki ya shigo daga waje.

Matsalar Masar takarda ce. Gidaje da yawa ba su da rajista a ofishin da suke kira Shahar Aƙari, daga hannu zuwa hannu suke yawo da yarjejeniyar farko kawai. Za a nuna maka hukuncin kotu mai suna "sihhatu tauƙi'i", a ce shi ke nan. Wannan yana tabbatar da sa hannun mai sayarwa ne kawai, ba ya tabbatar da cewa gidan nasa ne. Lauyanka, wanda kai ka ɗauka ba wanda mai gida ya kawo ba, ya bi silsilar mallaka tun daga filin, ya ga lasisin gini, ya ƙirga benaye, domin hawan da aka ɗora ba da izini ba yana jawo tara ko rushewa. Dokar 1996 ta taƙaita baƙo ga gida biyu, ta kuma hana sayarwa kafin shekara biyar sai da izini na musamman.

Kuɗinsu ma irin ciwon namu gare shi. A Maris 2024 fam ɗin Masar ya faɗi daga wajen 31 zuwa kusan 50 a dala. Ɗawainiyar yau da kullum za ta yi maka araha, amma ranar sayarwa kana iya cin riba da fam ka yi asara da dala.

Malami, Lugbe:

Allah ya saka wa Hajiya da alheri a kan son maƙwabtaka da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Saudiyya ta fitar da sabuwar dokar mallakar baƙi a 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, amma a yankunan da aka keɓe kawai, Makka da Madina kuma ga Musulmi da sharuɗɗa na musamman. Igamar da ake samu ta hanyar gida tana neman kadarar riyal miliyan 4, fiye da dala miliyan ɗaya. Abin da nake gargaɗi a kai da babbar murya shi ne saye da sunan wani ɗan ƙasa bisa amana. A gaban hukuma gidansa ne, ranar da ya rasu na magadansa ne.

Kai ma ka yi tunanin naka magadan. Gida yana bin dokar ƙasar da yake. A Ingila idan babu wasiyya rubutacciya bisa ƙa'idarsu, dokarsu ce za ta raba, ba rabon Alƙur'ani ba. A Dubai ana rufe asusun mamaci har kotu ta gama, iyali kuwa ana binsu kuɗin gini. Idan 'yan uwa za su sa hannu a kuɗin, a rubuta kason kowa a takardar mallaka tun yau. Gidan zama babu zakka a kansa, amma kuɗin haya idan ya kai nisabi ya shekara, akwai. In za a cika da rance, a nemi na tsarin Musulunci, irin ijara ko murabaha, a kai wa malami yarjejeniyar ya karanta.

Likita, Asokoro:

Yallaɓai, ni a ganina an fara daga ƙasa, alhali daga likitan Hajiya ya kamata a fara. Ina fayil ɗinta yake? Sauya likita ga dattijuwa mai ciwo na dogon lokaci yana nufin sake gwaje-gwaje daga farko. Gidan ya kasance bai wuce minti 20 zuwa 30 daga asibitin ba a lokacin cunkoso, hawa na ƙasa ko mai lifta biyu, banɗaki mai fili da keken guragu zai shiga. Zafin Dubai daga Yuni zuwa Satumba yana haura digiri 40, sanyin Landan kuwa yana tayar da ciwon gaɓɓai. Ku kuma tambaya ko mai jinya za ta sami biza tare da ita.

Gidan da aka rufe shi ma yana ciwo. A Dubai in an kashe na'urar sanyaya watanni, raɓa takan sa bango da katifa su yi funfuna. A Ingila ruwa yana daskarewa a bututu ya fasa shi, kuma inshora da yawa ba ta biya idan gida ya yi kwana 30 ko 60 babu kowa.

Mai tambaya, Gwarinpa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Likitan Hajiya a Alƙahira yake. Barista, in jira yaran su sami gurbin karatu, ko in saya yanzu?

Lauya, Wuse:

Ka jira, Alhaji. Ba ka san garin da za su samu ba, ɗaya yana iya faɗawa Manchesta ɗaya Alƙahira. Zuwan Hajiya na gaba ku kama haya ta wata uku a unguwar asibitin, ku ajiye rasit na komai, wuta, gas, ladan mai gadi, mota. A cikin watannin nan ka ɗauki lauya a can ya bincika gida biyu ko uku. Kada ka ba da kafin alƙalami sai an rubuta cewa za a dawo maka da shi idan rajista ta ƙi.